Fasa Tsakuwar Ƙoda da Hasken Leza: Amfaninsa da Haɗarinsa



Shekaru hamsin da suka wuce, wanda tsakuwa ta maƙale wa a ƙoda galibi sai an tsaga masa kwiɓi, ya yi makonni yana jinya. A 1980 likitocin birnin Munik na Jamus suka fara fasa ta daga wajen jiki da girgizar sauti. A shekarun 1990 kuma leza nau'in holmiyam ta shigo ɗakin tiyata.

Ga yadda aikin leza yake. Bayan an sa majiyyaci barci, likita yakan zura siririn bututu mai kyamara ta mafitar fitsari, ya ratsa mafitsara, ya hau magudanar da ta sauko daga ƙoda. Ta cikin bututun ake tura zaren leza a niƙe tsakuwar, komai taurinta. Ƙarfin hasken bai cika wuce zurfin rabin milimita ba, shi ya sa naman da ke kewaye yake tsira. Idan tsakuwar ba ta kai santimita 2 ba, sau da yawa zama ɗaya ya wadatar, a sallami mutum ran nan ko kashegari. Wadda ta fi haka, an fi so a huda ta baya, dabarar da aka fara bayyanawa a Suwidin a 1976.

Amma jama'a, rashin yanka ba rashin haɗari ba ne. Babban abin tsoro shi ne ƙwayoyin cuta. Ruwan da ake turawa don a ga hanya yana ƙara matsi a cikin ƙoda, kuma in akwai cuta a fitsarin, sai ta afka cikin jini. Saboda haka dole a auna fitsari a yi magani kafin aiki. Wanda zazzaɓi da rawar ɗari suka kama bayan sallama, ya koma asibiti nan take, kada ya tsaya shan maganin maleriya. Magudanar ma tana iya samun rauni, daga baya ta tsuke, ƙodar ta kumbura ba tare da wani ciwo ba.

Sai siririyar robar da akan bari a ciki don fitsari ya wuce. Tana sa yawan fitsari, ciwon kwiɓi da ɗan jini. Ta wucin gadi ce. In aka manta da ita watanni, tsakuwa takan lulluɓe ta, cire ta ya zama aikin da ya fi na farko wuya. Ya kamata kowane asibiti ya ajiye rajistar masu ɗauke da ita, ya bi sawunsu.

Leza kuwa ba ta hana sabuwar tsakuwa. Kusan rabin masu ita takan dawo musu cikin shekaru goma. A ƙasa mai zafi irin tamu, a rage gishiri, a sha ruwan da zai fitar da fitsari lita biyu da rabi a yini.