Rumbunmu da Baƙuwarsa Masara

 

Ku shiga kasuwar Kawo ranar Talata, wata uku bayan kaka, ku tsoma hannu a buhunan masara. Ba za a rasa wanda gari zai biyo yatsunku ba, ko warin fumfuna ya buge ku. Nan da nan sai a ɗora wa rumbu laifi, a ce zamani ya wuce shi. Ni ban yarda ba.

Iyayenmu sun gina rumbun ƙasa ne don dawa da maiwa. Waɗannan sai ruwa ya ɗauke suke nuna, iskar hunturu ta busar da su tun a gona, a ɗaure dami-dami, a jera a rufewa ba tare da an sussuke ba. Masara kuwa a da ta bayan gida ce, ta gasawa. Ta mamaye gonakinmu ne daga shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, lokacin da ingantaccen iri da taki mai rahusa suka iso. To ita tun Satumba ake karya ta, alhali a Kaduna ruwa kan kai Oktoba. Wanda ya zuba ta da laimarta cikin rumbun da aka like ya gayyato fumfuna, har da mai haifar da gubar afulatoksin da ke cin hanta.

Saboda haka masara ɗaki biyu take so. Na farko rumbun gora ne mai shan iska ta ko'ina, siriri, kada faɗinsa ya wuce mita 1, ƙafafunsa su yi tsayin mita 1, kowace a sa mata mazurarin kwano a kife don ɓera ya kasa hawa. Amma wurin shanya ne kawai. Domin akwai ƙwaron da ya shigo Afirka daga Amurka ta Tsakiya, aka gan shi a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, a Togo a 1984, wanda har itace yake hudawa. Da zarar masara ta bushe, a sauke ta a ɓare.

Yaya za a san ta bushe? Masana sun ce laimarta ta sauko kusan kashi 13 cikin 100. Manomin da ba shi da na'ura ya sami busasshiyar kwalba, ya zuba ƙwayar da busasshen gishiri, ya girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a koma shanya.

Sannan rumbun ƙasa. A ɗora shi kan duwatsu saboda gara, a yaɓe tsagoginsa kowace shekara, jinkarsa ta zarce bango. Abin da na fi ganin ana sakaci da shi shi ne shara: sabon hatsi a kan ragowar na bara, ai an haɗa shi da ƙwaro ke nan tun ranar farko. A ciki kuma a jera buhunan PICS masu ruɓi uku, waɗanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007. Buhun ya toshe wa ƙwaro iska, rumbu ya tsare buhun daga ɓera da rana. Hakan ya fi fiya-fiyar da ake yayyafawa. Kar mu manta, ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015.

Damuwata ɗaya: magina rumbu suna tsufa, samari kuwa bulo suka iya. Ina roƙon Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna su zauna da waɗannan dattawa, su rubuta yadda suke zaɓen ƙasa da cuɗa ta da ciyawa, su kuma tura ɗalibai su gina tare da su a ranin bana.