Hujja Ita Ce Makamin Ma'aikaci

Shugabannin reshe, iyayenmu da suka yi ritaya, 'yan uwa malaman Rurum Sabon Gari, da baƙinmu daga sassan Rano da Kibiya, muna yi muku barka da zuwa.

Maganarmu ta yau guda ce: ƙungiyar ƙwadago da hujja take cin nasara, hujja kuwa bincike ne ke samar da ita.

Tarihi shaida ne. A 1945 ma'aikatan Najeriya, bisa jagorancin Michael Imoudu, suka shiga yajin aiki na fiye da kwana arba'in saboda tsadar rayuwa. Bayansa aka naɗa kwamitin Tudor Davies, ya auna abin da ma'aikaci ke kashewa, sannan aka ƙara alawus. Yajin aiki ya buɗe ƙofa, lissafi ya yanke adadi. Ba mamaki da cibiyar nazarin harkokin ƙwadago ta ƙasa da ke Ilori take ɗauke da sunan Imoudu, tana horar da shugabannin ƙungiyoyi dabarun sasantawa.

Mu ma malamai muna da namu gadon. An kafa ƙungiyarmu ta NUT a Legas a 1931, Malam Aminu Kano kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. A ranar 5 ga Oktoba, 1966, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNESCO suka fitar da shawarwari kan matsayin malami: albashinsa, horonsa, da yawan yaran da ya dace a damƙa masa. Shi ya sa ake bikin Ranar Malamai a wannan rana.

Ku dubi mafi ƙarancin albashi: naira 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024, Jihar Kano kuma ta tsayar da 71,000. A kowane zama, wakilan NLC sukan ɗora buƙatarsu kan farashin abinci, kuɗin mota da hayar gida. Haka nan dokar 2022 da ta kai ritayar malami shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, sai da aka daɗe ana kafa hujja kafin ta samu.

To, ina rabonmu a wannan aiki? Masanin da ke Abuja bai san yara nawa ke zaune a ajinmu ba, sai mun faɗa masa. Don haka muna roƙon kowace makaranta ta buɗe littafi guda, a rubuta abu huɗu: yawan ɗalibai a kowane aji, yawan malamai, ranar da kowa ya samu ƙarin girma na ƙarshe, da abin da aka zare a albashinsa kowane wata. Iyalanmu kuma, ku taimaka mana da farashin kwanon masara da shinkafa a kasuwar Rano, domin ku ne kuka fi sanin ranar da albashi ke ƙarewa.

Duk ƙarshen zango sakataren reshe zai tattara ya miƙa ofishin jiha. Wanda ya je gaban hukuma da kuka, haƙuri za a ba shi. Wanda ya je da takarda, amsa za a ba shi. Tsinken tsintsiya ɗaya ba ya shara.

Allah Ya albarkaci guminmu, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.