Shaidar Ido a Kan Taurari Masu Sauya Haske



Wataƙila wani zai ce, ina ruwan malamin Hausa da ilmin taurari? To, Bahaushe ya daɗe yana duban sama. Manomin Kurfi ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Zara da Gamzaki, malamanmu kuma sun bar mana waƙoƙin lissafin taurari, waɗanda Mervyn Hiskett ya yi nazarinsu a 1967. Sai dai abin da suka fi kula da shi shi ne fitowa da faɗuwa. Ni kuwa batuna a yau haske ne, domin akwai taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa, kuma kaso mai yawa na tarihinsu daga idon 'yan sa-kai aka samo shi, watau mutanen da ba sana'arsu ke nan ba. Shin ana iya dogara da irin wannan shaida?

Masana sun kasa hasken taurari daraja-daraja, ƙaramar lamba ita ce mafi haske, kuma tazarar daraja 5 daidai take da ninki 100. Mai kallo yakan zaɓi taurari biyu maƙwabta waɗanda aka san darajarsu, ɗaya ya fi wanda ake aunawa haske, ɗaya bai kai shi ba, sa'an nan ya ƙiyasta matsayinsa a tsakaninsu. Da ido kawai John Goodricke, wani saurayi kurma a Ingila, ya nuna a 1783 cewa tauraron Algol yana dusashewa duk bayan kwana 2 da sa'a 20 da minti 49.

Amma ido yana da illa. Mutum guda yakan kauce da kashi 2 ko 3 cikin 10 na daraja. Jan tauraro, in aka ƙura masa ido, sai ya yi kamar yana ƙara haske. Farin wata yana ruɗarwa. Mafi muni shi ne son zuciya, domin wanda ya ji abin da abokinsa ya gani jiya, shi ma idonsa can zai karkata.

A nan ne nake ganin malamanmu na hadisi sun riga kowa fahimtar matsalar, da suka bambanta labarin mutum ɗaya da tawaturi. In mutum 25 suka auna ba tare da sun haɗa baki ba, kuskuren da ke warwatse yakan ragu ninki 5 idan aka ɗauki matsakaici. Wannan shi ne ginshiƙin ƙungiyar AAVSO da aka kafa a Amurka a 1911. Sharaɗin fa shi ne rashin haɗa baki. Kuskuren da kowa ya yi tarayya a cikinsa, kamar na jan tauraro ko na taswira marar kyau, yawan masu shaida ba ya wanke shi.

Hukuncin ya danganta da tauraron. Mira yakan faɗo daga wajen daraja 3 zuwa 9, ya koma, cikin kimanin kwana 332; a nan kuskuren ido bai taka kara ya karya ba. Sauyin da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba kuwa, sai na'ura.

Alal misali, daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020 jan tauraron nan Betelgeuse ya dusashe daga wajen 0.5 zuwa 1.6. Hotunan manyan na'urorin ƙasar Chile sun nuna ƙura ce daga jikinsa ta rufe sashensa, amma littattafan 'yan sa-kai na fiye da shekara 100 suka taimaka aka san ba a saba ganin haka ba.

Wannan tauraro, a watan Janairu bayan lisha, kusan tsakar ka yake ratsawa a Dutsin-Ma. Za ku ce lokacin hazo ne. Gaskiya ne, amma hazo yakan rage hasken wanda ake aunawa da na maƙwabcinsa kusan daidai wa daida, muddin tsayinsu ɗaya a sama; a gefen sama ne yake ɓarna. Saboda haka ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma zai iya gwada shi da Dabaran, wanda shi ma ja ne, daga harabar makaranta, ya rubuta rana da sa'a da yanayin hazo, kafin ya tambayi kowa abin da ya gani.