Ranar da aka rufe majalisa mutane suka yi guɗa: darasin Tunisiya da na Tazarce

  A watan Mayun 2023 aka cika shekara 14 cif da ranar da shugaba Tandja Mamadou ya rusa majalisar dokokin ƙasarmu, ran 26 ga Mayun 2009. Da yawa cikinmu muna firamare ko koleji a lokacin. Shi ya sa nake so mu fara da abin da muka gani da idonmu a waya, wato Tunisiya, kana mu dawo gida.

Ran 25 ga Yulin 2021, da dare, shugaba Kais Saied ya fito a talabijin ya ce ya dakatar da majalisa na kwana 30, ya cire wa depitoci rigar kariya, ya kuma kori firaminista Hichem Mechichi. Kun san me ya biyo baya? Guɗa. Mutane suka cika titin Habib Bourguiba a birnin Tunis, motoci na ta oda, shi kansa shugaban ya sauko ya shiga cikin taro. Kafin gari ya waye kakakin majalisa Rached Ghannouchi, jagoran jam'iyyar Ennahda, ya zo ƙofar majalisa a unguwar Bardo, soja suka hana shi shiga. Ya zauna cikin mota awowi, magoya bayansa a gefe guda, magoya bayan shugaba a ɗaya gefen, ana jifan juna da duwatsu da goruna.

Kada mu yi saurin cewa masu guɗar nan wawaye ne. Suna da dalili. A wannan watan korona na kashe mutane a Tunisiya fiye da kusan ko'ina a Afirka, asibitoci ba iskar numfashi. Shekara goma bayan gudun Ben Ali, matashi mai digiri bai da aiki. Majalisar kuwa mai kujeru 217 ta zama filin dambe. Jam'iyyar da ta fi kowa yawa, Ennahda, kujeru 52 gare ta, don haka ba a iya yanke komi sai da ciniki. Ƴar adawa Abir Moussi ta riƙa zuwa zaure da hular kwano da rigar sulke da lasifika. A ƙarshen Yunin 2021 wani depite ya tashi ya mare ta a gaban kamara, ƙasa duka na kallo. To wa zai fito ya kare irin wannan majalisa?

A nan gardamar jam'iyyu ta kaure. Ennahda da abokanta suka ce juyin mulki ne. Magoya bayan shugaba suka ce gyara ne, ceto ne. Babbar ƙungiyar ƙwadago UGTT ta tsaya tsakiya, ba ta yi tir ba, ta dai nemi a faɗi ranar da abin zai ƙare. Wasu ƴan boko da ƴan gwagwarmaya da ba su ƙaunar Ennahda suka yi shiru, don a ganinsu maƙiyinsu ne aka kayar. Kowane ɓangare ya fito da taronsa ya ce shi ne al'umma. Wata ƙungiya mai suna Ƴan Ƙasa Masu Adawa da Juyin Mulki ta yi ta jerin gwano, magoya bayan shugaba su ma suka yi nasu a titi guda.

Amma mi takarda ta ce? Shugaban ya dogara da aya ta 80 ta kundin tsarin mulkin 2014. Ayar ta ba shi damar ɗaukar matakan gaggawa in ƙasa na cikin haɗari. Sai dai ayar nan ita da kanta ta ce a wannan lokaci majalisa na nan zaune ba tashi, kuma ba shi da ikon rusa ta. Ta ƙara da cewa bayan kwana 30, kakakin majalisa ko depitoci 30 na iya kai magana kotun tsarin mulki ta duba ko haɗarin na nan har yanzu. Ina kotun? Babu ita. Kundin ya ce a kafa ta cikin shekara guda bayan zaɓen 2014. Alƙalai 12 za ta ƙunsa, majalisa ta zaɓi huɗu. Cikin shekaru duka, mutum guda kawai suka iya zaɓa, saboda kowace jam'iyya na son nata. Da suka farka a 2021 suka so su sauƙaƙa dokar zaɓen alƙalan, Kais Saied ya ƙi sa hannu, ya ce lokaci ya wuce. Kun gani, ƴan siyasar da suka zo suna kuka a ƙofar Bardo su ne suka bar gidan ba alƙali.

Yanzu ku bi ni da lissafi. Kwana 30 suka cika a Agusta, ya ce an tsawaita sai abin da hali ya yi. Ran 22 ga Satumba ya fitar da doka mai lamba 117, ya ce daga yanzu shi ke yin doka da sa hannunsa kaɗai. A Fabrairun 2022 ya rusa majalisar ƙoli ta alƙalai. Ran 30 ga Maris depitoci suka yi zama ta intanet, 116 suka kaɗa ƙuri'ar soke matakansa, a daren ya rusa majalisar gaba ɗaya. A Yuni ya kori alƙalai 57. Ran 25 ga Yuli aka yi zaɓen raba gardama kan sabon kundi, mutum uku cikin goma ne suka fito. A Satumba ya kawo doka mai lamba 54, wadda ke iya kai mutum kaso shekara biyar kan rubutu a Facebook in an ce labarin ƙarya ne. A Disamba aka zaɓi sabuwar majalisa, kusan kashi 11 cikin ɗari kawai suka je rumfa. A Fabrairun 2023 aka fara kwasar ƴan adawa, lauyoyi da ɗan jarida. A Afrilun 2023 aka kama Ghannouchi, tsoho mai shekara 81. Kuma ran 21 ga Fabrairu shugaban ya yi jawabi kan baƙin haure baƙar fata, wanda ya sa aka kori ƴan uwanmu na Afirka ta Yamma daga gidajen haya da wuraren aiki. Babu zauren da zai kira minista ya tambaye shi. Kwana 30 fa aka ce.

Mu dawo gida. Wa'adin Tandja na biyu zai ƙare ran 22 ga Disambar 2009, kuma kundin 1999 ya hana a taɓa maganar wa'adi. A Damagaram, lokacin aza harsashin matatar mai a Oktoban 2008, aka fara ɗaga muryar Tazarce. Hujjar ta yi daɗin ji: a bar Baba ya ƙarasa aiki, madatsar Kandaji, gada ta biyu a Yamai, matatar mai. Kuma gaskiya talakan karkara na son mutumin, ba ƙarya ba ne. Ran 25 ga Mayu kotun tsarin mulki ta ba da ra'ayi cewa zaɓen raba gardamar bai halatta ba. Washegari ya rusa majalisar da Mahamane Ousmane ke shugabanta. Doka ta ba shi ikon rusawa, wannan haka ne. Amma ku dubi jerin: ran 12 ga Yuni kotu, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye, ta soke dokar kiran zaɓen. Ran 26 ga Yuni ya ɗauki ikon gaggawa. Ran 29 ya rusa kotun ita kanta. Ƙungiyoyin ƙwadago suka kira yajin aiki, dubbai suka yi jerin gwano a Yamai, fararen hula suka rabu gida biyu. Ran 4 ga Agusta aka yi zaɓen, aka ce sama da kashi 92 sun ce i. CEDEAO ta dakatar da mu a Oktoba. Ran 18 ga Fabrairun 2010 soja ƙarƙashin Salou Djibo suka shiga fada. Kuma abin da nake so ku riƙe: a gaban majalisar nan da aka rufe, mutane suka taru suna yi wa soja guɗa.

Abin da ya bambanta mu da Tunisiya shi ne mu muna da kotu, kuma ta tsaya, shi ya sa sai da aka rusa ta. Abin da ya haɗa mu kuwa, a ƙasashen biyu an fara da majalisa, aka bi da alƙalai, sannan aka iso kan mai magana.

Na san abin da wasunku ke faɗi a zuci: depitocinmu mi suka tsinana mana? Motoci, kuɗin zama, ɗaga hannu in gwamnati ta ce a ɗaga. Ni ma na gani. A ƙarshen 2017 majalisa ce ta amince da dokar kasafin kuɗin 2018 da ta sa mutane fita titi, aka kama Moussa Tchangari, Ali Idrissa da Nouhou Arzika ran 25 ga Maris 2018. Ba kare su na zo yi ba. Amma depite mara amfani kana iya kayar da shi bayan shekara biyar, kana iya tare shi a wurin suna ko jana'iza ka faɗa masa magana. Wanda ya haɗa doka da zartarwa da shari'a a hannunsa, ta wace ƙofa za ka same shi? Ba a ƙona rumbu don ɓera ya shiga.

Don haka duk ranar da wani, farar hula ne ko mai kaki, namu ne ko nasu, ya ce zai rufe majalisa don ceton ƙasa, kafin mu tafa ko mu yi jifa, mu yi masa tambayoyi. Wace aya ta ba ka? Wace rana za a buɗe, rana da wata da shekara? Wane alƙali ne zai iya ce maka a'a, kuma in ya ce za ka bar shi a kujerarsa? Wanda bai yarda da kai ba, zai iya fita titi ya koma gida lafiya?

Kuma akwai aikin da ba sai mun jira wannan rana ba. Kundin 2010, wanda ya yi aiki har 2023, na nan a intanet, ku sauke shi a waya. Ku karanta aya ta 59: in shugaba ya rusa majalisa, dole a yi zaɓe tsakanin kwana 60 zuwa 90. Ku karanta ta 67, kan ikon gaggawa, wadda aka rubuta da tabon 2009 a jiki. Ku karanta ta 32, kan ƴancin taro da zanga-zanga. Wanda ya iya faransanci ya fassara wa fadarsa da Hausa, a yi ta murya a tura ta WhatsApp. Kowa ya nemi sunayen tsoffin depitocin jiharsa, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso, ya bi ya ga wace doka suka ɗaga wa hannu. Sannan mai wuya: in aka hana zanga-zangar jam'iyyar da ba ka so, ka fito ka ce ba daidai ba ne. A Tunisiya da yawa cikin masu shirun 2021 yau su ne ke neman lauya.

Jam'iyyu za su ci gaba da sauya baki gwargwadon kujerar da suke kai. Wasu da suka yi jerin gwano a 2009 su ne suka riƙa sa hannu a takardar hana jerin gwano har 2023. Mu da ba mu neman kujera, ma'auninmu ya zama guda, ko wa ke fada.

Na tsaya nan. Akwai sauran lokaci kafin magariba, kuma na ga hannuwa tun ɗazu. Malama ta can baya, bismilla, ke za ki fara.