Mai Shaye-shaye da Mutanen Gidansu



Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya, kuma cikin duk mutum huɗu daga cikinsu ɗaya mace ce. Kama dillalai aikin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, ne. Ni a kan gidan da mashayin yake kwana zan yi magana.

Gidajenmu kan bi ɗayan hanya biyu. Ta farko rufa-rufa: uwa ta tarar da kwalaben kodin a ƙarƙashin katifa, ta kwashe ta zuba a masai kafin maigida ya dawo, ta ce iska ce ke damun yaron. Ta biyu gidan mari. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma da yawansu danginsu ne suka kai su.

Duka biyun ba magani ba ne, domin kodin da tiramol dangin ofiyom ne, jiki kan saba da su. Ranar da aka yanke su kwatsam sai ga gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci. Yaron da ke birgima a tabarma yana roƙon ko rabin ƙwaya, ba taurin kai yake yi ba, ciwo ne. Wurinsa asibiti, irin na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato ko na Dawanau a Kano. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: a faɗa wa likita abin da yake sha, da yawansa, da tun yaushe.

Aikin iyali kuwa ranar sallama yake farawa. Kada a damƙa masa kuɗi a hannu, a saya masa abin da yake buƙata. A sama masa sana'ar da za ta raba shi da tsohuwar majalisa. A daina kiransa ɗan ƙwaya a gaban ƙannensa. Kada a ce aure zai gyara shi, 'yar mutane za a jefa cikin wahala. In mai shaye-shayen matar aure ce, a kai ta asibiti kafin a yi maganar saki.

Sannan ku sani yana iya komawa ruwa. Nan ne haɗari ya fi girma, domin jikin ya manta da ƙwayar, adadin da ya saba sha a da yana iya tsayar da numfashinsa. In ya koma ruwa, kada a kore shi daga gida. A mayar da shi wurin likitansa ranar nan, kuma a tsayar da mutum guda cikin dangi da zai riƙa raka shi duk ranar ganin likita.

Allah ya shirya mana zuri'a.