Cikon Haƙori da Katin Inshora

Ciwon haƙori ba ya sallama. Ɗan rami ne yake fara bayyana, sai a cusa masa kanumfari a ci gaba da harka. Ranar da ya kai ga jijiya, maganar ciko ta wuce, sai dai aikin kashe jijiyar mai ɗan karen tsada, ko a cire haƙorin ɗungurungum.

Me ya sa cikon yake da tsada? Kayan aikin daga waje ake shigo da su, farashinsu kuwa dala yake bi. Cikon nan mai ruwan azurfa shi ne mai rangwame, ga ƙarko, amma kusan rabinsa zaiba ce. Saboda haka yarjejeniyar ƙasashen duniya kan zaiba, wato ta Minamata ta 2013, ta nemi a rage amfani da shi, Tarayyar Turai kuma ta haramta shi daga Janairun 2025. Farin cikon da ake komawa gare shi ya fi kyan gani, ya kuma fi cin kuɗi.

To, inshora fa? Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan Najeriya inshorar lafiya, a takarda dai. Ɗan acaɓa da mai kayan miya har gobe daga aljihu suke biya. Mai katin ma ba kai tsaye yake zuwa wajen likitan haƙori ba: sai asibitinsa ya tura shi, sai kamfanin inshorar ya ba da lambar amincewa. Kafin lambar ta iso, wani har kuncinsa ya kumbura.