Motar wasa da ƙaramar kwamfuta: abin da na faɗa wa matasa a Maradi

  

Na ga wasu na murmushi tun da na ɗora motar nan bisa tebur. Na sani, kuna cewa ƙato da gemunsa ya zo da kayan wasan yara. Ba laifi, tsohuwata ma haka ta ce. To ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan.

Motar nan ta hannu na saya, rimot ɗinta ya ɓace. Sai na ce bari in sa mata ƙaramar kwamfuta in riƙa tuƙa ta da salula. Ga kwamfutar nan, faɗinta kamar katin banki. Sunanta Raspberry Pi, a Ingila aka fitar da ita a 2012, a kan dala 35. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba! Tana da ƙananan ƙafafu a jere a gefe, su ne take kunnawa tana kashewa bisa umarnin da ka rubuta mata.

Wannan ita ce ta biyu. Ta farko ni na kashe ta da hannuna. Na ciro wani ƙaramin inji daga tsohuwar motar yara don gwaji, na haɗa wayoyinsa kai tsaye da ƙafafun kwamfutar. Babu hayaƙi, babu ƙara, kawai ta daina tashi. Kuɗin da na yi wata uku ina tarawa ke nan. Dalili kuwa, kowace ƙafa bolt 3.3 take bayarwa, kuma kuran ɗin da take iya ɗauka bai wuce miliamfiya 16 ba. Inji kuwa lokacin da zai tashi yana jan ninkin wannan sau da yawa, in an yanke masa wuta kuma sai ya mayar da wani bugun baya ta cikin waya.

Ku tuna da yaron da ke bisa amalanke. Shi ba ya ja, shanu ke ja, shi magana kawai yake yi musu. Kwamfutar ita ce yaron. Ƙarfi daga batir yake zuwa, don haka dole a sami wani abu a tsakani mai jin magana kuma mai ɗaukar nauyi. In injin motar yara ne, akwai wani allo mai araha da ake kira L298N. Makunnai huɗu ne a cikinsa ga kowane inji, suna juya hanyar wuta, inji ya yi gaba ko baya. Aibinsa yana cinye kusan bolt 2 yana mai da su zafi. Amma irin wannan mota babba tana zuwa da nata akwatin, ESC, ga shi nan. Shi ke tsakanin batir da inji.

To wane yare ESC yake ji? Wayoyi uku siriri ke fitowa daga jikinsa: baƙa, ja, da fara. Ta farar ake yi masa magana. Sau 50 cikin sakan guda ake aika masa ɗan bugun wuta, shi kuma tsawon bugun yake aunawa. A raba sakan gida dubu, kowane kashi sunansa milisakan. In bugun ya kai milisakan 1.5, tsaya ke nan. In ya doshi 2, gaba da gudu. In ya sauka wajen 1, birki ko baya. Shi ke nan yaren, kuma da shi ake yi wa ɗan injin da ke juya ƙafafun gaba magana: 1.5 miƙe, sama da haka gefe guda, ƙasa da haka ɗaya gefen.

Dare biyu na yi ina zaton ESC ɗin nan ya lalace. Ashe in aka kunna shi, ba ya karɓar kowane umarni sai ya fara jin 1.5. Masu ƙera shi sun yi haka ne don kada mota ta zabura a hannun mai kunna ta. Ni kuma ina ta aika masa gudu tun daga farko, yana ta yi mini kunnen uwar shegu. Abu na biyu, baƙar wayarsa sai an haɗa ta da baƙar wayar kwamfuta, in ba haka ba ba su da ma'auni ɗaya, sai inji ya riƙa firgita. Kuma ku ba kwamfutar nata batir daban, irin na cajin salula ya isa. In sun yi tarayya, da inji ya ja wuta sai ta mutu ta sake tashi.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Raspberry Pi tana aiki da Linux, hankalinta a rabe yake, bugun da take aikawa yakan ɗan yi rawa. Sai na ƙara wani allo, PCA9685, wanda aikinsa ke nan, fitar da bugu daidai. Mota ta yi lafiya lau. Na ji daɗi, na fitar da ita ƙofar gida da la'asar. Tana cikin gudu sai wifi ya yanke. Na saki yatsa, ba ta tsaya ba. Shi allon nan umarnin ƙarshe da aka ba shi yake ta maimaitawa har sai an ba shi wani, ko da kwamfutar ta yi shiru. Motar ta miƙe ta nufi wurin maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai, ga mai yana tafasa bisa murhu, ga jikanta zaune a gefe. Allah ya sa dutsen murhun ta daka ta kife. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, wannan wane irin wasa ne?" Wallahi ban sami abin cewa ba sai "Inna, ki yi haƙuri." Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Laifina ne. Na koya wa mota tafiya, ban koya mata abin da za ta yi in ta daina jin muryata ba. Yanzu salula tana aika "ina nan" sau goma a sakan. Amma wa zai lura in kwamfutar kanta ta daskare? Don haka na cire wancan allon na sa Arduino, wanda aka fara yi a Italiya a 2005. Shi ba ya da Linux, aiki ɗaya ya sani. In rabin sakan ya wuce bai ji komai ba, sai ya mayar da bugu 1.5 da kansa. Na kuma hana gudu wuce 1.6 sai in muna fili babu kowa. A ganina duk wanda zai haɗa kwamfuta da inji, ko na mota ne ko na famfon ban ruwa a garka, wannan ya kamata ya fara rubutawa, tun kafin taya ta juya.

Kalma ɗaya a kan batir. Irin na LiPo ne, kowane ɗaki bolt 3.7, in ya cika 4.2, kuma kada a bari ya sauka ƙasa da 3. In ya kumbura, an gama da shi, yana iya kama wuta. Da zafinmu na watan Afrilu, ni cikin tukunyar ƙasa nake cajinsa, a inuwa, ina zaune kusa.

To, ƙanena mai farar riga, taimaka mini da bulo biyun can. Za mu ɗora ta ƙafafunta na lilo, haka ake kowane gwaji. Zan sa ta gudu, kai kuma ka riƙe salular nan ka kashe wifi da hannunka. Sauran ku matso, ku duba tayar baya.